Ɗorin da Ya Ƙi Kamawa

Furfuri, Bunguɗu
16 ga Yuni, 1998

Zuwa ga ɗiyata Shafa'atu, Tudun Wada, Gusau.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mahadi. Ina aiki, ina damina? In kin ga rubutuna ya karkace, ba karatun yaƙi da jahilcin ne ya zube ba. A kwance nake, faifai na ɗora a ciki ina rubutu a kai.

Kar ki tada hankalinki, karaya na yi, cinyar dama. Ina sallar La'asar, na ɗago daga ruku'u, sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ina tsaye na ji shi, sannan na tafi ƙasa. Matan gida na ta cewa santsi ne, na ce wane santsi a kan tabarma?

An aika Kuceri, washegari da hantsi sai ga ubanki Labbo da jakarsa. Ke ɗiya, da kin ga unguwa. Har kan katanga mutane sunka hau don su ga maɗorin Kuceri yana aiki. Ya ja ƙafar, ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure, ya yi tofi. Na yi ƙara sau ɗaya, ba zan ɓoye miki ba, amma sau ɗayan ne. Sannan ya yi abin da ake yi a gidanmu tun zamanin kakanki Ɗanlami. Ya kama kazata wake-wake, ya karya mata ƙafa, ya ɗora ta da 'yan tsinke, anka kife ta da kwando kusa da gadona. Ranar da ta taka, ni ma na kusa. Ga ta nan tana hararata, ina harararta.

Ƙanena ne, ni na goye shi, amma da na ga hannunsa a kan ƙafata sai da na ji kaina ya yi girma. A gidanmu ba a taɓa kwance ɗori a kan ƙashin da bai kama ba, kuma ba daga kaina za a fara ba.

Ya tambaye ni, wai, "Ɗiyarki tana lafiya?" Kin dai san shi. Gemu ya yi fari, har yau bai iya faɗin sunanki, wai kunyar ɗan fari. Na ce masa ai tun kina yaye ya ba ni ke, ni ke da abata, ya daina leƙe.

Ƙwayoyin nan da kika ce in riƙa sha tun da anka cire min ƙarin nono bara waccan, ina sha ba fashi. Wurin ya warke tas, sai tabo. Bayana dai ke damuna tun bazara, wannan kuwa tsufa ne.

Ki gaida Mahadi. Ki aiko min da goro ta hannun Sahabi direba, fari, ba irin na wancan karon ba.

Taki,
Gwaggo Inno

*

Kuceri, Tsafe
20 ga Agusta, 1998

Zuwa ga ɗiyar Inno.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya kamar yadda muke nan. Ruwa ya samu, gero ya fara kunno kai, alhamdu lillahi.

Dalilin wagga takarda shi ne ƙafar Yaya Inno. Na je Furfuri jiya. Kazar da na ɗora tare da ita ta daɗe da takawa, har tana bin fara a tsakar gida. Ita kuwa Yaya ƙashi bai kama ba. Na taɓa, yana motsi kamar ranar farko.

Na yi lissafi. Man da na shafa wa kaza shi na shafa mata, tofin ɗaya, hannun ɗaya. Tunda kaza ta taka, magani ba shi da laifi. Saura zaman ƙashi. Wataƙila bakin ya goce, nama ya shiga tsakani ya yi wata 'yar kama ta banza. In haka ne, gyaransa ɗaya, a karya abin da ya kama a sake ɗorawa. Na ga mahaifina ya yi wa wani Bafulatani haka, ya tashi ya bi shanunsa. Na sa ranar Lahadi ta sama.

Abin da nake so gare ki, ki samo min maganin kashe zafi na asibitinku, mai ƙarfi, ki ba Sahabi. Yaya ta manyanta, kuma ta rame, ba na so ta sha wuya fiye da kima.

An gaya min kin je duba ta har kin yi mata zancen asibiti. Ban ji daɗi ba. Kin san ba a kwance ɗorin wani, wanda ya ɗaura shi ke kwancewa, ranar da ƙashi ya kama. Mutane daga Yankara, daga Kwatarkwashi, har daga ƙasar Katsina suna zuwa ƙofar gidan nan don ba su taɓa jin an ɗauki mai karaya daga hannunmu an kai wani wuri ba. Wanga suna ba ni na yi shi ba, tarar da shi na yi.

Ki gaida maigidanki. Allah ya yi albarka.

Labbo Maɗori

*

Tudun Wada, Gusau
22 ga Agusta, 1998

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Baba da girmamawa, da fatan Baba da mutanen gida suna cikin ƙoshin lafiya. Mahadi yana gaisuwa.

Takardar Baba ta iso. Ban ba Sahabi maganin ba, ina roƙon Baba ya gafarce ni, ya kuma karanta wannan har ƙarshe kafin ya yi fushi.

Ban taɓa shakkar hannun Baba ba. Ina ƙarama na ga mutumin da amalanke ya taka, aka kawo shi a kan ƙyaure, ya koma gida da ƙafarsa. A asibiti in aka ce daga wane gida nake, da ƙarfi nake cewa gidan maɗoran Kuceri. Amma Baba, Gwaggo ba faɗuwa ta yi ta karye ba. Ta karye ne tana tsaye, sannan ta faɗi. Baba ya fi ni sanin ƙarfin ƙashin cinya. Wane ruku'u ne zai karya shi?

Ga abin da nake tsoro. Aikina a ɗakin gwaje-gwaje shi ne duba nama da jini a madubin da ke ƙara girman abu. Jikin mutum duka an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace da wurinta da aikinta. Ta nono ta san ita ta nono ce, tana riƙe da 'yan'uwanta, ba ta zuwa ko'ina. Lokacin da aka cire wa Gwaggo ƙari, an yanko ɗan siriri an shimfiɗa a gilashi, yana nan a ajiye wurina. Ciwon daji ne, amma ƙwayoyinsa a lokacin ba su manta asalinsu ba. Suna zaune zobe-zobe, kamar mata sun kewaye ƙwaryar tuwo, irin zaman da ƙwayoyin nono ke yi. Shi ya sa maganin da take sha ya riƙe su, don an yi shi ne domin masu halin nono.

Sai dai daji ba ya tsayawa yadda aka same shi. Yana daɗewa yana sake hali. Wasu ƙwayoyin sukan saki 'yan'uwansu, su canza siffa, su sirance, su kutsa cikin jijiya jini ya tafi da su. Sukan sauka a ɓargo su yi lamo, shekara ɗaya, shekara biyu, ba a jin ɗuriyarsu. In sun farka, ba su san nono ba, ba su san maganin nono ba. Kuma a jikin kowa akwai masu rushe tsohon ƙashi da masu gina sabo, su ne ma ke haɗa wa Baba karaya. Waɗannan baƙin sai su zuga masu rushewa, gini ya kasa cim musu. Ƙashi ya zama rami-rami daga ciki, waje kuwa lafiya lau.

Kazar Baba ta taka ne don ƙashinta ƙashi ne. Ita ba a taɓa cire mata ƙari ba.

Idan abin da nake zato ne, ranar Lahadi ba abin da zai karye gida biyu, marmashewa zai yi a hannun Baba. Kuma ciwon bayan nan nata yana ba ni tsoro, jan da za a yi mata zai iya taɓa shi. Ban tabbata ba, sai an yi hoto an ɗebo ɗan ɓargon an duba. Likita Kamilu na asibitinmu ya ce a kawo ta. Amma Gwaggo ta rantse ba mai taɓa kararen nan sai wanda ya ɗaura su.

Ita ta raine ni, ita ta kai ni makaranta da kuɗin ƙuli-ƙulinta. Ina jin tsoro, Baba, tsoro ƙwarai. Don Allah a dakatar da Lahadi.

'Yarka mai biyayya,
Shafa'atu

*

Kuceri, Tsafe
25 ga Agusta, 1998

Zuwa ga ɗiyar Inno.

Wa alaikumus salam. Na karanta har ƙarshe kamar yadda anka umarce ni.

Ashe karatu ya kai inda ɗiya ke hana uba magani. Madalla.

Nono daban, ƙashi daban. Na yi shekaru ina taɓa jikin mutane, ban taɓa jin nono ya yi ƙaura ya koma cinya ba. Kunka yanke abu, kunka ce kun cire, kunka ɗinke, munka yi muku godiya. Yanzu kuma ya zama yana da ƙafa, har yana sake kama kamar ɗan fashi. In kun bar saura a ciki ku ce kun bar saura.

Kin san mi kike roƙo? In sa wuƙar Ɗanlami in yanke zare a kan ƙashi mai motsi. Wuƙar nan ba ta fita kube sai ranar farin ciki, ranar da mai karaya zai taka a gaban jama'a. In na yi haka ga yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wa zai sake kawo min ɗansa? Ranar kasuwar Tsafe kowa zai ji cewa Labbo ya kasa, ya kai wa masu farar riga.

Lahadi tana nan. In babu maganinku, akwai namu.

Labbo

*

Furfuri, Bunguɗu
31 ga Agusta, 1998

Ɗiyata Shafa'atu,

Ina gaisuwa, ina gajiya. Goro ya iso, wannan karon kin yi abin kirki.

Mi kika rubuta wa ubanki? Jiya Lahadi ya zo fuska kamar hadarin gabas, da ƙarti biyu masu riƙe ni. Na yi alwala, na yi shahada, na ce bisimilla. Ya zauna ya ɗora hannu a cinyar. Ya daɗe. Ya bi ta da yatsa daga gwiwa har ƙugu, ya koma ya taɓa ta hagu mai lafiya, ya dawo. Sai ya ce, "Yaya, ranar nan, kin faɗi ne kika ji ƙarar, ko kin ji ƙarar kika faɗi?" Na ce, "Sau nawa zan faɗa? Ina tsaye." Ya ce a ba ƙartin nan fura su tafi.

Bai karya ba, bai kuma kwance ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon kazar nan tana tono, har anka kira Azahar. Abincin da anka kawo masa ko buɗewa bai yi ba. Tun rasuwar innarmu ban ga ƙanena haka ba, ya ba ni tausayi.

To ki saurara. Na san jikina. Zanen da nake ɗaurawa sau ɗaya yanzu yana zagaye ni har ya yi saura, kuma dare bai wucewa ban ji bayan nan ba. Wataƙila gaskiyarki. Amma ba za a ɗauke ni daga gidan nan da ɗorin Labbo a sace ba, wani yaron likita ya sa almakashi ya yanke kamar buhun gawayi. Gara in mutu da kararena. In zai kwance da hannunsa, ko Legas ne ku kai ni.

Ku biyun nan kanku ɗaya, kamar dutse. Ni na raine ki, amma taurin nan ba wurina kika samo ba. Kar ki ƙara yi masa wa'azi. Mutum ne da bai yarda da abu sai ya taɓa ko ya gani, haka anka koya masa. Ba kin taɓa ce min abin yana nan a gilashi ba?

Abin da nake so bai da yawa. In sake yin salla a tsaye, in gama raka'ar nan da anka katse min.

Gwaggonki,
Inno

*

Tudun Wada, Gusau
2 ga Satumba, 1998

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba, ina kuma neman afuwa in maganata ta yi kaifi.

Ba zan ƙara jayayya ba. Duk motar da ta taso daga Tsafe za ta Bunguɗu, ta Gusau take bi. In Baba zai koma Furfuri, ya sauka a tasha, zan zo in tarye shi. Gilashin Gwaggo yana nan. Akwai kuma na wata baiwar Allah da ta riga mu gidan gaskiya, nata na farko da na ƙarshe, ciwo iri ɗaya. Baba ya sa idonsa ya gani. In ya duba ya ce ba komai, ba zan sake buɗe baki ba.

Baba ya ce wuƙar Kaka ba ta fita sai ranar da ƙashi ya kama. Ni a ganina Kaka ya bar ta ne ga wanda ya san ƙashi, kuma ban san wanda ya kai Baba ba.

'Yarka,
Shafa'atu

*

Ɗakin mata, babban asibiti, Gusau
19 ga Satumba, 1998

Zuwa ga ƙanena Labbo, Kuceri.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina ka baro gajiya? Ka gudu ko sallama ta kirki ba ka yi min ba, to ga takarda ta bi ka.

Na ce bari in gaya maka yadda abin ya kasance daga inda nake kwance, don kai ba ka ga kanka ba. Da a-kori-kurar Sahabi ta tsaya a ƙofar asibiti, na ɗauka za ka tsaya a waje. Sai na ga ka sha babbar rigarka ta Idi, ka riƙe gefen gadon da kanka, kana gaba ana biye. Da wani yaron likita ya zo da almakashi, ka ce masa, "Dakata, ɗana. Ni na ɗaura." Ka fiddo wuƙar Babanmu Ɗanlami. Ka yanke zare ɗaya bayan ɗaya, ka jera kararen a gefe, ka dubi Likita Kamilu ka ce, "Ni ne Labbo maɗorin Kuceri. Wagga karaya ba tawa ba ce. Na kawo muku ita da hannuna."

Likita ya cire hularsa ta aiki ya ba ka hannu biyu. Ɗiyata tana bayanka, ta juya wai tana gyara ƙarin ruwa, alhali kuka take. Ni ban yi ba, wani abu ne ya faɗa min a ido.

Na san abin da ya ci ka. Na san ana ta magana a Tsafe, Sahabi ya kawo min har da ƙari. Su yi ta yi. Ni dai ban taɓa alfahari da gidanmu kamar ranar nan ba, har da ranar da Baba ya ɗora dokin hakimi.

Hoto ya fito. Na gani da idona, cinyar kamar gara ta ci ginshiƙi, akwai kuma tabo biyu a baya. Likita ya ce da an ja ƙafar nan da ƙarfi, da wani zancen ake yi. Sun ɗebi ɓargon da wata allura mai kaurin tsinken sakace, an kai Zariya. Can za a kai ni a sa min ƙarfe a cikin ƙashin, a gasa wurin da wuta irin tasu. Sun gaya min gaskiya, don na ce kar a yi min rufa-rufa. Ba warkewa za a yi ba, sauƙi za a samu, wataƙila in taka.

Ka sa a kula min da kazata. Kar wani ya yanka ta, abokiyar jinyata ce.

Yayarka,
Inno

*

Kuceri, Tsafe
28 ga Oktoba, 1998

Zuwa ga Yaya Inno.

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. An ce an sa ƙarfen lafiya kuma kin dawo Gusau. Mun gama yankan gero.

Kin ce ana magana. Awo, ana yi. Tun da na dawo, mutum biyu kacal sunka kawo karaya, wani ma da ya taso daga Yankara ya ji labari a hanya ya juya. Ba zan ce bai yi min zafi ba.

Amma bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na koma Gusau wata Talata, kina Zariya, don an ce gilashin ɓargonki ya dawo. Ɗiyarki ta zaunar da ni a kujerarta. Ta sa na farko, na nono, wanda na riga na gani. Zobe-zobe, kowace ƙwaya ta jingina da 'yar'uwarta, ko ni na ga tsari. Ta cire ta sa na cinya. Yaya, in ba don ita ta faɗa ba, da na rantse ba jikin mutum ɗaya ba ne. Babu zobe ko ɗaya. Sun watse, wasu dogaye, wasu ƙatta masu baƙi a tsakiya, kowace ta kama gabanta. Na ce, "To ta ina kika san su ne?" Ta yi ta juya wani ɗan maɓalli, ta daɗe, sannan ta ce in duba gefen dama. Can a lungu sai ga guda huɗu ko biyar sun ɗan lanƙwasa, sun so su yi zobe sun kasa. Ta ce, "Ga su nan, Baba. Waɗannan ba su gama mantawa ba."

Na daɗe ban ɗago ba. Ashe abin da yatsana ya ji ranar Lahadin nan, taushin da ban san sunansa ba, ita ta san shi tun daga tushe, ta san inda ya taso da yadda ya sake hali a hanya. Mu muna bin ƙashi daga waje, ita tana binsa daga ciki. Ma'aikata na shigowa suna ce mata Anti, suna miƙa mata gilashi ta duba musu. Na zauna ina kallo, rigata ta yi min kaɗan.

Ban yabe ta ba, kin san ba a yi. Na ce Allah ya yi albarka, na fito. Ke da kike iya faɗa, ki faɗa mata. Kin yi riƙo, Yaya.

Kazarki tana nan gidana, ta fara ƙwai.

Ƙanenki,
Labbo

*

Furfuri, Bunguɗu
20 ga Janairu, 1999

Ɗiyata Shafa'atu,

Barka da Salla, an sha ruwa lafiya? Hannuna ba ƙarfi, don haka ba zan ja ba.

Jiya na yi salla a tsaye. Ban je Idi ba, a ɗaki ne, sanda a jingine da bango, Amina maƙwabciyata tana bayana ko da za a yi tangaɗi. Na yi ruku'u, na ɗago, na saurara. Ban ji komai ba sai kukan akuya. Raka'a biyu, sannan na zauna na yi dariya har Amina ta tsorata.

Na san abin yana nan yana aikinsa, yanzu ya leƙa haƙarƙari. Ya yi ta sake kama, ni dai Inno ce har gobe.

Na sa miki takardar ubanki ta watan Oktoba a cikin wannan. Ya ce in faɗa miki, ni kuwa na ga gara ki gani da rubutunsa. Kar ki nuna masa kin gani.

Gwaggonki,
Inno

*

Kuceri, Tsafe
9 ga Mayu, 1999

Assalamu alaikum.

Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ta huta. Tun ranar addu'ar arba'in nake son rubutowa, sai in rasa da mi zan fara, don wadda nake jingina ki gare ta ba ta nan.

Ga wata mata nan Sahabi zai kawo, Juwairiyya, daga Yankara. Damtse ne. Yanzu kowa ya zo sai na tambaye shi ko faɗuwa ta riga ƙara, ko ƙara ta riga faɗuwa. Ita tulu ta ɗaga. Akwai ƙari a hammatarta. Ban ɗaura ba, na tallafe hannun kawai. Ki duba ta.

Mijinta ya yi min gardama a ƙofar gida, gaban jama'a. Ya ce shi wurin maɗori ya zo, wa na sani a Gusau da ya fi ni? Na ce masa a wanga ciwo akwai. Ya ce wane ne? Na ce, "Shafa'atu. Ɗiyata ce, ta fari."

Bakina bai saba ba, amma ya faɗa, kuma kowa ya ji.

Mahaifinki,
Labbo